Girman allo daban, tsabtar hoto daban: fashin baƙi kan zaɓen sikirin ɗin babbar laftof

Wai in mutum zai sayi babbar laftof, irin masu inci 16 ko 17 ɗin nan, sai lallai allonta ya zama 4K kafin a ce ya yi sayayya? Ko kuwa Full HD ma ta isa, ragowar duk kuri ne da asarar kuɗi?

Tambayar nan ta yawaita kwanakin nan kuma da dalili. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, mutane da yawa sun wayi gari sun ga tsohuwar kwamfutarsu ba ta cika sharaɗin hawa Windows 11 ba, tunda shi a ɓangaren firosesar Intel yawanci sai zubi na 8 zuwa sama yake karɓa, to ka ga dole a koma kasuwa. Kuma duk wanda ya koma kasuwa yanzu ba ƙaramar laftof yake so ba. Ɗalibin zanen gine-gine yana son babba, mai haɗa bidiyon biki yana son babba, mai zaman kallon hawa da saukar kirifto dare da rana shi ma babba, har Baba da idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu cewa yake a samo masa mai faɗi. Sai dai in ka shiga shago, ko a Farm Centre ne ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, abin da za a jero maka shi ne Core i7, RAM 16, SSD 512, kibod mai wuta. Allo fa? "HD ne Alhaji, tas yake." Shi ke nan an wuce wurin. Ba wai mai shagon yana nufinka da sharri ba ne, shi ma abin da masu saye suka saba tambaya shi ya haddace. Alhali firosesa ba ganin ta kake ba, RAM ba ganin shi kake ba, allon nan shi za ka zuba wa ido awa shida, awa takwas kullum ta Allah.

Mene ne ma rizolushan ɗin tukuna

Ka ɗauki hular kube mai aikin hannu ka kawo ta daf da idonka. Zanen da kake gani daga nesa kamar zuba shi aka yi, da ka matso sai ka ga ashe ɗinki ne ƙanana ƙanana, wannan kusa da wannan, kowanne da launin zarensa. To haka allon kwamfuta yake. Hoto ne ko rubutu ko bidiyo, duk ɗigo-ɗigo ne na haske da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo ɗaya shi ake kira fiksil. Rizolushan kuma ba wani abu ba ne illa ƙidayar ɗigon nan, nawa ne a kwance nawa ne a tsaye. In ka ga an rubuta 1920x1080, ɗigo 1,920 ke nan daga hagu zuwa dama, 1,080 daga sama zuwa ƙasa, in ka ninka su za ka samu miliyan biyu da 'yan kai, 2,073,600.

Shi kuma incin da ake faɗa, 15.6 ko 16 ko 17.3, awon gilashin ne daga kusurwa zuwa kusurwa a karkace, babu ruwansa da yawan ɗigo. Nan ne mutane suke cakuɗa abu biyu, suna ɗauka tunda allo babba ne dole ya fi tsabta kuma ya fi ɗaukar kaya. Ka ɗauko hula biyu, ɗaya ta yaro ɗaya ta mai ƙaton kai, a zuba musu ɗinki daidai wa daida, wacce ce za ta fito da manyan ɗinki da gibi-gibi? Babbar mana. Shi ya sa rizolushan ɗin da ya yi kyau a laftof mai inci 13 zai iya zama abin takaici a mai inci 17.

Kalmar HD ita ce tarkon farko

In aka ce HD zalla a kasuwar laftof, mafi yawan lokuta 1366x768 ake nufi, ɗigo miliyan ɗaya da kaɗan, wato rabin Full HD ke nan. Sama da shi kaɗan akwai HD+ wanda shi ne 1600x900, kuma shi ne ya cika zuwa a laftof masu inci 17.3 masu sauƙin kuɗi. Sai Full HD ko FHD, 1920x1080. Sai QHD, 2560x1440, wanda 'yan kasuwa ke ce wa 2K, duk da cewa kalmar 2K ɗin nan ba ta da tabbas, don a harkar silima 2048x1080 ake nufi da ita, shi ya sa in an ce maka 2K ka ce a faɗa maka lambar. Can ƙololuwa kuma 4K ko UHD, 3840x2160, ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif na Full HD.

Abin da zai sa ka yi hattara shi ne laftof iri ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya, tana iya zuwa da allo kala biyu ko uku. Jerin EliteBook na HP da Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su ake lodo mana a matsayin tokumbo, da yawansu tun daga masana'anta akwai mai 1366x768 akwai mai 1920x1080, jikinsu iri ɗaya sak, ba za ka bambance ba sai ka kunna.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na sayi wata mai inci 17.3 a wani shago, ina ta murna na samu ƙatuwa da arha, har da ɗaukar ta a jaka ina karkacewa saboda nauyi. Da na dawo gida na buɗe Excel sai na ga layukan da take nuna min ba su kai na ƙaramar laftof ɗin abokin aikina mai inci 14 ba, ga harafi kamar an yanka gefensa da zarto, "s" da "a" duk da ƙaya-ƙaya. Na shiga saiti na duba, 1600x900. Mai shagon bai yi min ƙarya ba fa, HD ya ce, HD ɗin kuwa na samu. Ni ne ban san me zan tambaya ba.

Lissafin da ya fi komai muhimmanci: ɗigo nawa ne a inci ɗaya

Tunda girma daban yawan ɗigo daban, abin da ke haɗa su shi ne cunkoson ɗigon, wato nawa ne suka matsu a cikin inci ɗaya, shi ne za ka ga an rubuta PPI. Full HD a allo mai inci 14 yana ba da 157. Shi dai wannan Full HD ɗin a inci 15.6 sai ya sauko 141, a inci 17.3 kuma ya koma 127. Waccan tawa mai 1600x900 a inci 17.3 kuwa 106 ce, shi ya sa harafin yake ƙaya-ƙaya. In ka ɗora 2560x1440 a inci 17.3 za ka samu 170, 2560x1600 a inci 16 kuma 189, shi kuwa 4K a inci 17.3 sai ya kai wajen 255.

To nawa ido yake buƙata? Wannan ya danganta da nisan da ke tsakaninka da allon. Ido mai lafiya, irin wanda likitan ido zai auna ya ce 6/6, in yana nesa da allo da santimita 60, kusan tsawon hannu ke nan, yana daina rarrabe ɗigo da ɗigo ne a wajajen 145. In ka matso zuwa santimita 50 sai lambar ta hau wajen 175. Akwai masu kaifin ido da suka wuce haka, musamman matasa, amma dai ka ga inda mizanin yake. Kuma babbar laftof ba a manna mata fuska kamar waya, a kan tebur take zama, kai kana jingine.

Ka auna da wannan sai komai ya fito fili. 106 ya yi ƙasa sosai, kowa zai ga ɗigon. 127 na Full HD a inci 17.3 yana bakin gaɓa, za a yi aiki da shi lafiya lau amma mai lura zai ga rubutu bai kai na wayarsa santsi ba. 170 zuwa 190 ya haye layin, ido ya ƙoshi. 255 kuwa ya wuce layin da nisa, ɗigon da aka ƙara daga 190 zuwa can yawancin mutane ba za su gan su ba sai sun sunkuya sun kai hanci kusa da gilashi, amma batir zai gan su, katin girafik, wato ɓangaren da ke zana hoto a allo, zai gan su, aljihu ma zai gan su.

Scale, abin da ke rikita lissafin gaba ɗaya

Nan ne nake so a ɗan zauna, don nan ne ko waɗanda suka san kwamfuta suke tuntuɓe.

Mutum zai ce tunda 4K ninki huɗu ne na Full HD, ai kayan da zan gani a allo ma ninki huɗu ne, zan jera Word da Excel da burauza da WhatsApp duk a lokaci ɗaya. A lissafi haka ne. A zahiri kuwa in ka bar 4K a yadda yake a allo mai inci 17, rubutun zai koma kamar tururuwa, ko mai idon shaho ba zai yi awa ɗaya yana karantawa ba. Shi ya sa Windows yake da wani saiti da ake kira Scale, wanda yake kumbura komai, rubutu da maɓallai da gumakan manhajoji, zuwa kashi 125 ko 150 ko 200 ko 250 cikin ɗari. A allon 4K na laftof, da kansa yake zaɓa maka 200 ko 250.

Yanzu yi lissafin. 3840x2160 in aka sa shi a 200, filin aikin da ya rage maka daidai yake da 1920x1080 a 100. In kuma a 250 ne, filin ya koma 1536x864, wanda shi ne dai abin da mai Full HD yake samu in ya sa nasa a 125. Ma'ana kai da ka biya kuɗin 4K da wanda ya sayi Full HD, layukan Excel ɗin da kuke gani ɗaya ne, babu wanda ya fi wani ko da layi guda. Bambancin kawai shi ne kowane harafi naka da ɗigo ninki huɗu aka zana shi, ya fi santsi, ya fi kama da bugun littafi mai kyau. Tsabta ka saya ba fili ba. Kuma tsabtar gaskiya ce, ba na musun ta, wanda yake karatu da yawa musamman rubutun Larabci mai wasali ko ajami zai ji daɗin ta ƙwarai, amma dai ka san me ka biya.

Shi kuwa 2560x1600 a nan yake nuna kansa. A 150 yana ba ka fili kusan 1707x1067 da rubutu mai girma daidai ido kuma mai santsi, in idonka da ƙarfi ka sauke shi zuwa 125 sai filin ya buɗe ya kai 2048x1280, ka ajiye takardu biyu gefe da gefe babu matsi. Wato yana ba ka zaɓi ta ɓangare biyu. Full HD a inci 17.3 shi ma yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: mutane da yawa suna iya barin shi a 100 ba tare da sun wahalar da ido ba, babu kumburawa babu komai.

Me ya sa rashin kumburawar ya zama fa'ida? Saboda tsofaffin manhajoji. Akwai manhajojin lissafin kuɗi da na shaguna da na firinta da aka rubuta tun zamanin Windows XP da Windows 7, lokacin da babu wanda ya yi tunanin allo zai kai wannan cunkoso, in ka buɗe su a allon da aka kumbura sai ko dai su fito dishi-dishi kamar an shafa musu man kaɗanya, ko kuma su fito 'yan mitsi-mitsi maɓallansu ba sa dannuwa. Akwai dabarar gyarawa ta cikin Properties, Compatibility, Change high DPI settings, wani lokaci ta yi wani lokaci ta ƙi. In sana'arka ta dogara da irin wannan tsohuwar manhaja, ka gwada ta a allon kafin ka biya.

Wani kuskuren kuma, sai mutum ya ga rubutu ya yi masa ƙanana ya je ya rage rizolushan ɗin, ya mai da 1920x1080 zuwa 1366x768. Kar ka yi. Allon laftof yawan ɗigonsa a ƙayyade yake, in ka ba shi wata lamba daban sai ya riƙa jan hoton yana cike gurbi, komai ya dushe. Ka bar rizolushan a wanda aka rubuta wa Recommended, ka ƙara Scale. In laftof ɗin ta Baba ce, wannan shi ne maganin, ba sayen allo mai ƙarancin ɗigo ba.

Hujjar masu son 4K da abin da ake mayar musu

Masu 4K suna da hujja. Mai gyaran hoto yana ganin hotonsa da yawa ba sai ya yi ta zuƙowa yana mayarwa ba. Mai zane a manhajar AutoCAD yana ganin siraran layuka tsaf, da'ira ta fito da'ira ba matakala ba. Mai editin bidiyon 4K yana iya kallon aikinsa ɗigo bisa ɗigo. Kuma yawanci kamfanoni allon 4K ɗinsu shi suke ba wa launi mafi kyau da haske mafi ƙarfi, to ko ba don ɗigon ba allon mai kyau ne.

Amma akwai wata fahimta da ya kamata a gyara, musamman ga 'yan'uwanmu masu ɗaukar biki. Allon laftof ɗinka ba shi ke yanke ingancin bidiyon da za ka fitar ba. Kana iya yin editin 4K ka fitar da 4K a laftof mai allon Full HD, abin da aikin yake ci shi ne firosesa da katin girafik da RAM. Kuma mu faɗi gaskiya, bidiyon kamu da ɗaurin auren nan a ina yake ƙarewa? A waya, a sitatus, bayan WhatsApp ya matse shi ya tatse.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Allon 4K ya fi cin batir ta hanya biyu: ɗigon sun yi ƙanana sun matsu, hasken da ke bayansu sai ya ƙara ƙarfi kafin ya ratso, sannan girafik yana ta faman zana ɗigo miliyan takwas sau sittin a kowace daƙiƙa. Kuma kamfani ba zai iya cewa bari in ƙara girman batir yadda na ga dama ba, saboda dokar jiragen sama ta tsaya a 100Wh, awon yawan wutar da batir ke riƙewa, ga batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba, shi ya sa za ka ga manyan laftof ba sa wuce 99 da ɗoriya. Wanda yake Landan da wuta ba ta ƙiftawa bai damu ba. Kai da za a ɗauke wuta tun hantsi sai bayan isha'i, kana lallaɓa inbata ko kana biyan kuɗin caji, awa ɗaya ko biyu da allon zai cinye maka ba wasa ba ne. In kuma tokumbo ce, batirin ma ya riga ya sha jiki.

Masu gem su ma su ji. Gem ɗin da katin girafik ɗinka yake gudu da shi lafiya a Full HD, in ka ce a 4K za ka buga ka ninka masa aiki sau huɗu, sai ka ga yana tsalle-tsalle fanka tana kuka laftof ta yi zafi kamar dutsen guga, ga zafin Afrilu a kai. Akwai dabaru irin DLSS na Nvidia da FSR na AMD da suke zana hoton a ƙaramin rizolushan sannan su ɗaga shi, suna taimakawa sosai, amma dai mai gem ya fi amfana da allo mai saurin sabunta hoto, 144Hz ko 165Hz, wato sau 144 ko 165 a daƙiƙa, a kan tarin ɗigo a 60Hz.

Kallo fa? Netflix da kansu sun ce 4K yana iya cin har 7GB a awa ɗaya, HD kuma har 3GB. Fim ɗaya mai awa biyu 14GB ke nan. Wa zai yi wannan da datar waya? Yawancinmu a 480 ko 720 muke kallon YouTube, to allon 4K ɗin me zai nuna.

Na ƙarshe kuma wanda ba a tunawa sai ya faru: fashewa. Yaro ya taka, ko jaka ta faɗo daga kan babur, ko an rufe murfi da biro a kan kibod. Allon Full HD mai inci 15.6 kusan duk mai gyara yana da shi ko ya san inda zai samo yau ɗin nan. Na inci 17.3 ya ɗan fi wuya. Na 4K kuwa sau da yawa sai an yi oda an jira, kuɗinsa kuma ya sa ka fara tunanin ko sabuwar laftof za ka saya. Kuma ba ko da yaushe ake iya cire 4K a maƙala Full HD ba, saboda wayar da ke haɗa allon da uwar kwamfutar ta bambanta, Full HD na gama-gari yawanci mai fin 30 ne, su 4K da masu saurin sabuntawa yawanci fin 40.

Ko Apple, da suka fara yayata maganar cunkoson ɗigo da sunan Retina a iPhone 4 a 2010 sannan suka kawo shi MacBook Pro a 2012 da 2880x1800, har yanzu babbar MacBook Pro ɗinsu mai inci 16 ba 4K ba ce, 3456x2234 ce. Sun zaɓi lambar da ta dace da girman allon ne, ba lambar da ta fi daɗin faɗa a talla ba.

Inci 16 ko inci 17.3: maganar siffar allo

Sababbin manyan laftof da yawa sun bar siffar 16:9, wato faɗi 16 tsayi 9, irin ta talabijin sun koma 16:10, wadda ta ɗan fi tsayi. Shi ya sa kake ganin 1920x1200 da 2560x1600 da 3840x2400. LG Gram 17 misali 2560x1600 ce, Dell XPS 17 kuma ta zo da 1920x1200 ko 3840x2400. Ɗigo 120 ɗin nan da aka ƙara a kan 1080 kamar ba komai ba, amma a Excel layi shida ne cur in Scale ɗinka yana kan 100.

Ga wani abin mamaki da na auna na sake aunawa: allo mai inci 16 na 16:10 da allo mai inci 17.3 na 16:9 tsayinsu ɗaya ne, santimita 21 da rabi kowanne. Faɗi ne kawai 17.3 ta fi, da kusan santimita huɗu. To in aikinka karatu ne da rubutu da kodin, inda tsayi ya fi amfani, mai inci 16 ta ba ka abin da kake nema kuma ta shiga jakar goyo ba tare da zif ya ɓalle ba.

Abin da lambar ba ta faɗa maka

Allo biyu za su iya zama Full HD dukkansu amma ɗaya ka kalla ka ji sanyi ɗaya kuma kamar an wanke shi da bilic. Akwai nau'in TN, mai arha, wanda da ka ɗan karkata murfin ko ka leƙo ta gefe sai launin ya juye fuskar mutum ta koma toka-toka, kuma a babban allo abin ya fi muni don ko kana zaune a tsakiya sama da ƙasan allon ba sa zama launi ɗaya. Akwai IPS wanda ta ko'ina ka kalla launinsa yana nan. Akwai OLED mai baƙi ƙirin da launi mai ɗaukar ido, sai dai farin shafi irin na Word yana sa shi shan batir. Sai haske, da ake aunawa da nits: 250 na cikin ɗaki ne, in kana aiki a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa ko a ƙarƙashin rumfa da rana ka nemi 300 zuwa 400. Sai launi, da ake auna yalwarsa da NTSC ko sRGB, in ka ga an rubuta 45% NTSC to ja zai fito kamar ruwan lemo, mai harkar hoto ko zanen kati ya nemi 100% sRGB. Ni dai a ba ni Full HD na IPS mai haske, na bar maka duk wani mai tarin ɗigo da ba ya ganuwa da rana.

To wanne za a ɗauka, kuma ya ake dubawa a shago

A nawa ganin, a laftof mai inci 16 zuwa 18, duk abin da bai kai 1920 a kwance ba a bar shi a shago komai arharsa. Full HD ko 1920x1200 ya ishi ɗalibi da ma'aikacin ofis da mai shago da mai gem ɗin da katinsa matsakaici ne, kuma shi ya fi sauƙin batir da sauƙin gyara. In da hali, 2560x1600 ko 2560x1440 shi ne ya fi dacewa da wannan girman, kuma shi zan ce wa mai zane da mai kodin da mai editin su nema. 4K na bar wa wanda hoto ne abincinsa, yana da tsayayyiyar wuta, kuma ya san dalilin da ya sa yake so. Wanda ma yake marmarin 4K don aikin tebur, ya fi masa ya sayi laftof mai Full HD ya haɗa ta da monita mai inci 27, inda ɗigon za su samu filin baje kansu, sai dai ya tabbatar ramin HDMI ɗinsa 2.0 ne, don 1.4 a 30Hz yake tsayawa in an ba shi 4K, linzami ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

A shago kuwa kar ka tsaya karanta sitikar da ke jikin laftof, don tokumbo ana canja mata allo a hanya, sitika ta ce abu kaza gilashin ya ce wani abu. Ka ce a kunna. Ka danna dama a fuskar kwamfutar ka shiga Display settings, ka gangara zuwa Display resolution ka ga lambar da aka rubuta wa Recommended, ka duba Scale nawa aka sa, sannan ka shiga Advanced display ka ga Hz nawa ne. Ka buɗe Notepad ka cika allon da fari ka nemi ɗigon da ya mutu ko tabon haske, ka karkata murfin gaba da baya ka ga ko launi zai juye, ka ƙure hasken sannan ka juya laftof ɗin ta fuskanci ƙofar shagon. Sai ka ja kujera ka zauna a nisan da ka saba zama a gida, da tabaranka in kana sawa, ka buɗe takarda mai ƙananan rubutu ka karanta sakin layi biyu ko uku kafin a fara maganar nawa za a rage.